Kafin ka biya haya a Abuja, fara bin hanyar tukuna

Duk wanda ya kira ni daga gida ya ce ya samu aiki a Abuja ko an yi mishi taransifa, bayan an gama murna da addu'ar Allah ya sa albarka, tambayar da take biyo baya ita ce nawa ne haya. Nawa ne ciki da falo, nawa ne ɗaki biyu, wace unguwa ce ta fi sauƙi. Ni kuma ba na amsa wannan sai na fara tambayar mutum ina ofis ɗinshi yake, ƙarfe nawa ake so ya isa, yana da mota ko babu, da iyali zai taho ko shi kaɗai. Wasu har haushi suke ji, gani suke kamar ina ja musu rai, alhali a garin nan farashin gida kusan shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka sani.

Abun da mutum daga Kano ko Katsina ko Zariya ba ya saurin ganewa shi ne yawancin waɗanda suke cewa suna Abuja ba a cikin Abuja suke kwana ba. Garin da aka zana a takarda tun bayan dokar 1976 ta zamanin Murtala, wanda Babangida ya tare a cikinsa a Disambar 1991, wato su Maitama, Asokoro, Wuse, Garki da tsakiyar birni inda sakatariya da ma'aikatu suke, wannan ba na ƙaramin ma'aikaci ba ne, sai dai ka je aiki ka dawo, ko kuma ka samu wani ɗan'uwa mai hali ya ba ka ɗakin yara a bayan gida. Sauran jama'a duk da safe suke kwararowa ta manyan hanyoyi uku. Akwai hanyar Kubwa wadda ta kwaso mutanen Gwarinpa, Dutse, Bwari, Kubwa, Dei-Dei, Zuba har Madalla da Suleja da suke jihar Neja. Akwai hanyar filin jirgi, ta mutanen Lugbe, Kuje da Gwagwalada. Sai kuma hanyar Keffi, ita ce ta Karu, Nyanya, Mararaba, Ado, Masaka, daga Mararaba ma ka riga ka shiga jihar Nasarawa. Toh in ka zaɓi unguwa, ɗaya daga cikin hanyoyin nan ka aura, kuma da ita za ka zauna safe da yamma.

Ta Keffi ɗin nan na fi yi wa mutane bayani don can ne dillali zai fara ja ka. Gida ya fi araha, abinci ya fi araha, ga Hausawa ko'ina, a wasu layukan Mararaba sai ka rantse kana wata unguwa a Kaduna, mai nama, mai ƙosai, mai wankin hula, babu abun da babu. Kuma in ka duba taswira sai ka ga ai daga Nyanya zuwa Asokoro ba wani nisa. Amma jeka tsaya a gadar Mararaba ranar Litinin da sassafe. Mutane na fita kafin a kira assalatu, wasu a hanya suke sallar asuba, wasu sai sun isa ofis, motoci jere tun daga Masaka suna rarrafe har su hau tudun Kugbo su gangara mahaɗar AYA da ke Asokoro, da yamma kuma a juya a sake. Bayan bam ɗin tashar Nyanya na Afrilun 2014 da aka zuba shingayen bincike abun ya ƙara muni na tsawon lokaci, yanzu an yi ta aikin faɗaɗa hanyar amma mutanen ma ƙaruwa suke yi kullum. Ban ce kar kowa ya zauna can ba, akwai wanda kasuwancinshi a can yake, shi kam ya huta. Wanda nake ji wa shi ne mai zuwa sakatariya kullum.

Sai maganar kuɗin mota. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ba ta kai naira 200 ba, lissafin zama nesa yana fita. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1000, kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya bi ta. Don haka in ka ga gida a Masaka ko Gwagwalada rabin kuɗin na Kubwa ko Lugbe, ɗauki biro ka lissafa acaɓa daga gida zuwa bakin titi, motar haya zuwa gari, wata kuma daga inda ta ajiye ka zuwa ofis, ka ninka biyu, ka ninka da kwanakin aiki na shekara. Sau da yawa rarar da kake murna da ita tana tafiya a hanya, har ka ciko. Kuma cikin gari babu acaɓa, tun 2006 lokacin El-Rufa'i yana minista aka hana, adaidaita sahu ma ba ko'ina yake shiga ba, sai tasi ko motocin da ake tsayarwa a bakin titi a cika ku a tafi. A nan ne kuma 'yan wan-cans suke samun mutane, motar da za ka shiga kana zaton fasinja ne ashe duk ɓarayi ne, su ƙwace waya su kwashe maka kuɗi a asusu su jefar da kai a wani wuri. Mai dawowa gida cikin dare kullum shi ya fi shiga wannan haɗarin, shi ya sa in zan hau mota na fi yarda da tasha ko da za ta ɓata min lokaci.

Amma wallahi ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Abun da hanya take cinyewa wanda ba a lissafawa shi ne yammacinka. Unguwa da yamma ake shigarta, tsakanin la'asar da isha'i, lokacin da mutane suke zaune a ƙofar gida, yara na dawowa daga islamiyya, ana tsayawa a gaisa bayan magariba. Mutumin da yake fita duhu ya dawo duhu, Asabar ya yi barcin gajiya Lahadi ya yi wanki da guga, zai iya shekara biyu a layi ba wanda ya san sunanshi, sai dai a ce mai jar motar nan ko mutumin gidan kwana. Na ga masu irin wannan zaman da yawa, su ne za ka ji suna cewa mutanen Abuja ba su da zumunci, kowa ta kanshi yake. Akwai gaskiya a ciki, amma kai ma yaushe aka gan ka balle a yi zumuncin da kai?

Ni Kubwa na zaɓa, kuma dalilaina ba wasu na a zo a gani ba ne. Titin yana da faɗi sosai, in ka fita da wuri kana isa gari ba tare da ka tsufa a hanya ba, ko da yake shi ma yana da ranakunshi, musamman in tirela ta faɗi ko an yi ruwa da yamma. Ga tashar jirgin ƙasa, wanda tun 2016 yake zuwa Rigasa a Kaduna, ga mu kuma a bakin hanyar Zuba, in tafiya gida ta kama ba sai na ratsa gari ba. Ga kasuwa, ga makarantun yara na daidai aljihu, ga masallatai kusan kowane layi. Gwarinpa ta fi kusa da gari kuma ta fi tsari, rukunin gidajen da aka gina zamanin Abacha, amma da na ji farashi sai na gaishe su na wuce. Lugbe ma na duba, wanda aikinshi yake wajen filin jirgi ko yake yawan tafiya ta sama ita ce daidai da shi.

Kubwa ɗin ma ba ɗaya ba ce. Akwai ɓangaren da gwamnati ta tsara, tituna a shimfiɗe da magudanan ruwa, akwai kuma can ciki wajen su Byazhin inda gari ya yi ta tsawo da kanshi, gida ya fi sauƙi amma da damina sai ka naɗe wando. Haka kowace unguwa take, sunan ba ya gaya maka komai, dillali zai ce maka gida a Gwarinpa ka je ka tarar ƙauyen da yake bayan Gwarinpa yake nufi, ko ya ce Apo alhali sai ka wuce Apo da tafiya mai nisa a kan jar ƙasa.

Dillalan nan kuwa sai an yi haƙuri da su. Tun kafin ka ga gida za a ce ka biya kuɗin dubawa, sannan kai za ka biya kuɗin motar da za ta kai ku, wani lokacin ka je ka tarar dillalin da ka biyo shi ma wani dillalin ya biyo, shi kuma wancan ɗin mai gadi ya sani, mai gidan yana Legas ko yana ƙasar waje ba wanda ya taɓa ganinshi. In an daidaita, bayan kuɗin shekara akwai kason dillali, yawanci kashi 10 cikin ɗari, akwai na lauya mai rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya wai ko za ka ɓata wani abu, wanda dawowarshi sai wani ikon Allah, in esteti ne kuma ga kuɗin hidima na shara da masu gadi. Don haka duk farashin da aka faɗa maka a waya ka ɗora wani abu mai kauri a kai. Kuma kar ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ko lauyanshi ido da ido, ka karɓi rasit, don gida ɗaya a karɓi kuɗin mutum biyu ba sabon labari ba ne a garin nan.

In za ka duba gida, da damina ya fi. Wani gida da aka kai ni, ciki da falo mai kyau, tayil sabo, farashi ya yi sauƙin da har ya ba ni mamaki, ina zagayawa sai na lura fentin bangon waje kala biyu ne, daga ƙasa zuwa wajen gwiwa sabo fil, daga nan zuwa sama tsoho. Na leƙa bayan gida na ga an ɗora janareta a kan bulo huɗu, ƙofar kicin kuma an yi mata wani ɗan dakali a ƙasa wanda sai ka ɗaga ƙafa za ka shiga. Dillali yana ta zuba wai mai gidan mutum ne mai son gyara. Na fita na sayi ruwa a shagon da ke kallon gidan na tambayi yaron shagon, ya yi dariya ya nuna min rafin da ke bayan katanga. Lokogoma da wasu sassan Lugbe sun yi suna a wannan, kusan duk damina sai an gani a labarai, amma ba su kaɗai ba ne, duk inda aka cike hanyar ruwa aka yi gini haka ne.

Yaron shago, mai shayi, mai ruwa, mai gadin maƙwabta, waɗannan su za ka tambaya, kuma ba a gaban dillali ba. Ruwan famfo na gwamnati daga dam ɗin Usuma yake zuwa, wajen Bwari, kuma ba kowane layi ya kai ba, wasu bohol ne wasu kuma sai kura. In ka ga kurar 'yan ga-ruwa jere a bakin layi da jarkoki ka san amsar, sai ka tambayi nawa kura take da rani ba da damina ba. Wuta kuma ka tambayi wane rukuni layin yake, don tun Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A kuɗi, waɗanda aka ce za su riƙa samun awa 20 a rana, kati yana ƙonewa da sauri, wani yana murnar wuta ba ta ɗaukewa sai ƙarshen wata ya ga abun da ya kashe. Ka duba ko mitar taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce, don mitar haɗaka ita ce uwar rigimar gidan haya, wane yana da firiza wane yana da hita wance tana girki da wuta cikin dare. Ka tambaya ko akwai tsohon bashi a kanta.

Ga mai tunanin sayen fili kuma, a taƙaice, ƙasar Abuja duk a hannun gwamnatin tarayya take, minista ne yake bayarwa. Takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye zai sa maka hannu ba ta hana rusau, mutane da yawa sun yi kuka a kan wannan tun zamanin El-Rufa'i har yau. Ko haya za ka kama, in ka ga jan fenti a katangun layin ka tambayi na mene ne.

Tsaro ma ka sa shi a lissafi, musamman gidajen da suke ƙarshen gari a jikin duwatsu da daji. Farkon 2024 an sha fama da masu garkuwa a yankin Bwari, har cikin gidaje suke shiga, kuma yawanci irin sababbin unguwannin bakin daji ne inda gida yake da kyau da araha. Ni dai gara min tsohon gida a tsakiyar mutane.

Toh an samu gida, saura zama. A nan ne nake ganin mutanenmu suna rabuwa biyu. Wani yana zuwa sai ya nemi inda 'yan garinsu suke ya lafe, majalisarshi 'yan garinsu, cefanenshi wajen ɗan garinsu, shekara goma bai san sunan maƙwabcinshi Bayarabe ba. Wani kuma sai ya shige esteti ya rufe get, daga mota sai falo, ko mutuwa aka yi a gida na uku sai dai ya gani a guruf. Na fahimci kowannensu, baƙunta ba daɗi, kuma 'yan gari suna da rana, su ne za su fara nemo maka ɗaki, su ranta maka kuɗi, in rasuwa ta faru su ne za su tsaya a kai gawa maƙabartar Gudu ko a nemi motar kai ta gida. Amma ranar da bututun ruwa ya fashe cikin dare kana Kano, ko yaro ya faɗi a layi kana ofis, ɗan garinku da yake Nyanya ba abun da zai iya yi maka, wanda kuke katanga ɗaya ne zai fito.

Ni abun da ya fara buɗe min layinmu masallaci ne, ɗan ƙarami na langa-langa a kwana, wanda ba ya ɗaukar fiye da sahu huɗu. Sati na farko ba wanda ya ce min komai bayan musabaha. Da aka ga dai fuskar ba ta ɓacewa, magariba da isha'i ina nan, sai wani dattijo Banufe, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, ya riƙe hannuna bayan sallah ya ce Malam kai ne ka tare gidan mai baƙin get? Na ce ni ne Baba. Ya tambayi garinmu, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, sannan ya juya ya gaya wa liman da sauran mutane kamar shi ya kawo ni. Daga ranar na zama mutum. Shi ya gaya min wane mai gyaran wuta ne ba ya cuta, wane kemis ne na kirki, wace makaranta ce kuɗinta kawai ke da yawa. Kuma abun da na lura a irin masallatan nan na Abuja, sahu ɗaya za ka ga Bahaushe, Bafulatani, Igbira, Bayarabe, Igala, Babarbare, kowa da yadda ya saba, wani ya yi ƙabalu wani ya saki, ba wanda yake da ƙarfin cewa masallacin na ɗariƙarshi ne ko na ƙungiyarshi, don in aka watse ba za a iya sayen man janareta ba. Rigimar da muke yi a gida kan waɗannan abubuwan a nan sai ka ga ta yi sanyi.

Na biyu teburin mai shayi. Namu ɗan wajen Tawa ne a Nijar, ya daɗe a unguwar fiye da yawancin masu gidajen, teburinshi gwangwanayen madara jere an gina su kamar dala, kiret ɗin ƙwai a gefe, rediyo rataye a ƙusa tana kama BBC da safe. A bencinshi za ka ji wane gida ne za a tashi wata mai zuwa tun kafin dillalai su ji, wa aka yi wa sata, yaushe za a zo yankan wuta. Ba sai ka zama ɗan zaman majalisa ba, ka zauna ka sha ko rabin kofi ne lokaci-lokaci, ka gaida masu gadi da 'yan acaɓan bakin layi da sunansu. Mutanen nan su ne idon unguwa, kuma suna bambance wanda yake gaishe su da wanda yake ɗaga musu gilas.

Sai taron unguwa, wanda na san da yawanmu ba ma so. Asabar ɗin ƙarshen wata, kujerun roba a ƙofar gidan shugaba, a buɗe da addu'ar Musulmi a rufe da ta Kirista ko a juya, a yi ta musu da Turanci da Burokan kan kuɗin 'yan sintiri da gyaran taransifoma da wanda yake zubar da shara a kwata. Yana cin lokaci, kuma kullum akwai mutum ɗaya da in ya miƙe sai an roƙe shi ya zauna. Amma ka je, kuma ka biya kuɗinka a kan lokaci ko da kana ganin an yi yawa. Ana lura. Akwai wani kallo da ake yi mana cewa mu ba ma zuwa taro ba ma biyan kuɗin unguwa sai dai ƙorafi, ni dai ban so a ƙara samun hujja a kaina.

Wanda ya fi shan wuya a wannan ƙaura ba mu maza ba ne. Ni ina fita ina ganin mutane, maman yara kuwa ta baro gidan da kullum akwai mai shigowa, yau suna gobe biki jibi dubiya, ƙannenta na zuwa yayarta na aikowa, ta dawo inda in na fita ba mai ƙwanƙwasa ƙofa sai mai karɓar shara. Watannin farko kullum tana kan waya da gida, ƙaramin abu sai ya zama faɗa, kuma na san ba ni ne matsalar ba, shirun ne. Abun da ya taimaka islamiyyar matan aure ta Asabar da Lahadi, daga nan ta samu ƙawaye, aka sa ta a adashi, ta fara turaren wuta da humra tana sayarwa, yanzu ita take gaya min labarin unguwa. Duk mai tahowa da iyali ya sa wannan a cikin abun da zai duba tun kafin ya biya, akwai islamiyya kusa, akwai matan da za ta iya shiga wajensu da ƙafa ba sai an jira ka dawo da mota ba?

Maƙwabciyarmu ta jikin katanga kuma 'yar Inugu ce, ma'aikaciyar jinya, yaranmu Mami suke ce mata. Farko gaisuwa ce kawai daga nesa, kowa yana taka-tsantsan. Da babbar sallah ta zo muka aika mata nama da yara, ba mu yi wani tunani ba, abun da aka saba ne. Da Kirsimeti sai ga kula ta shinkafa da kaza, ta kuma aiko a gaya mana wajen mahaucin Hausa ta kai aka yanka, kar mu ji komai. Wani dare da ƙaramin ya yi zazzaɓi mai zafi har yana fizge-fizge ina hanyar dawowa daga Kaduna, ita ta shigo da zaninta na barci ta yi abun da ya kamata ta sa su a motarta zuwa asibiti. Ba na son in mai da wannan wa'azi, akwai maƙwabtan da ba su da daɗi a kowane yare, mu ma muna da wani a layin da in ya kunna kiɗa ranar Asabar sai Allah, kuma namu ne.

Su kuma Gwarawa, masu garin na asali, sau da yawa mu baƙi muna wuce su kamar ba ma ganinsu. Gonakinsu ne aka yi waɗannan unguwannin a kai, Kubwa ma tana cikin wuraren da aka tsugunar da waɗanda aka tasa daga cikin birni. Matansu ne za ka gani da sassafe da itace ko doya a kafaɗa, don su ba sa ɗora kaya a ka, kuma yawancinsu suna jin Hausa sarai. In unguwarku tana da mai unguwa nasu, ba laifi ka je ka gaishe shi, ba ya rage ka da komai.

Abu ɗaya da har yanzu ban gama warwarewa ba shi ne Hausar yara. Makaranta Turanci, wasa a layi Burokan, katun Turanci, sai ka yi musu magana da Hausa su amsa da wani abu daban, in mun je gida kakarsu ta yi ta yi musu tsiya wai 'yan Abuja sun zo. Mun sa dokar Hausa zalla a cikin gida, tana aiki wata rana wata rana ba ta yi, dogon hutu kuma muna tura su Kano su yi wata guda cikin 'yan'uwa, suna dawowa bakinsu ya saki har da ashar ɗin da ba mu aike su koyowa ba.

Yanzu haka ɗan yayata ya samu aiki a wani kamfani a Jabi, ya kira ni wai an nuna mishi ɗaki a Masaka a hoto, mai kyau, kuma kuɗin daidai abun da ya tara. Na ce kar ya tura komai, ya taho ya sauka a wajenmu ya yi ko wata ɗaya ne a ɗakin baƙi, ya fara aikin, ya ga yadda garin yake juyawa, ranar da ya samu sarari ya je ya kwana wajen abokinshi a Masakan ya fito aiki daga can da safe ya gani da idonshi. In bayan nan ya ce ya ji ya gani, shi ke nan, ni zan raka shi wajen lauyan. Na kuma ce ya duba Dutse da Karmo da Dawaki tunda duk sun fi kusa da Jabi. Ya ce toh Kawu, amma daga muryarshi na san hoton ɗakin nan ya riga ya shiga ranshi, uwarshi ma ta kira ni daga baya tana tambaya wai da gaske Masaka ba Abuja ba ce.